Don Me Mu Ke Son Waƙar Baƙin Ciki?

Ga wata tambaya da ta isa mu zauna a kanta. Ba mutumin da ya kan fita da safe neman baƙin ciki. Kowa gudunsa ya ke yi, kamar yadda a ke gudun kunama. Amma shi wannan mutum, in ya komo gida da maraice, sai ya kunna waƙar da ta fi kowace ban tausayi, ta wani wanda ƙaunatacciyarsa ta rabu da shi, ya zauna shiru har hawaye su cika masa ido. Waƙar ta ƙare, ya sake mai da ita farko. In ka tambaye shi, sai ya ce duk cikin waƙoƙi ita ya fi so.

Kada a ce halin mutum ɗaya ne. A shekara ta 2011 wata mawaƙiya ta Ingila, sunanta Adele, ta fitar da faifai mai suna 21, yawancin waƙoƙinsa kuwa a kan rabuwarta da saurayinta ne. An sayi faifan nan fiye da miliyan 30. Watau mutane masu yawa haka sun ba da kuɗinsu domin su ji kukan mace ɗaya.

A ƙasashen Turawa akwai wani irin mawaƙi wanda shi ke tsara waƙarsa, shi ke kuma rera ta, sau da yawa da jita ko piyano kaɗai, kamar yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntiginsa. Irin waɗannan su kan tara waƙoƙi goma ko sha biyu a faifai guda, duka daga abin da ya same su. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Bob Dylan na Amurka. A farkon 1975, sa'ad da aurensa ya ke tangal-tangal, ya fitar da faifai mai suna Blood on the Tracks, wanda mutane da yawa su ke lissafta shi cikin mafi kyawun aikinsa. A wannan shekara aka yi hira da shi a rediyo, aka gaya masa yadda mutane ke jin daɗin faifan. Sai ya amsa da cewa yana masa wuya ya gane yadda mutane za su ji daɗin zafi irin wannan. Ko da ya ke daga baya ya musa cewa labarin gidansa ne ya rera, tambayar tasa tana nan. Daidai ne mutum ya ji daɗin kukan wani?

Ƙarar da aka kai

Tun da daɗewa wani ya kai ƙarar irin wannan jin daɗi. Shi ne Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya zama bishop na Hippo, ya rasu a 430. A cikin littafin da ya rubuta na furta laifofinsa ya ba da labarin kansa. Ya ce yana yaro a makaranta ya yi ta kuka saboda Dido, sarauniyar Kartaj ta cikin tatsuniyar Romawa, wadda ta kashe kanta domin masoyinta ya tafi ya bar ta, amma bai zub da hawaye ko ɗaya saboda lalacewar ransa ba. Da ya girma ya tafi karatu a Kartaj, sai ya kamu da son gidan wasa. Nan ya lura da wani abu. Mai kallo yana so a sa shi baƙin ciki, in ba a sa shi ba ma ya tashi yana gunaguni, amma ba ya so abin ya same shi, ba kuwa wanda ya ke kiransa ya tashi ya taimaki kowa. Ana gayyatarsa ya yi kuka kawai.

Wannan ƙara tana da nauyi. Tausayi na gaskiya ya kan ci wa mutum wani abu, ko kuɗi, ko barci, ko tafiya a rana zuwa gidan da aka yi rashi. Tausayin da waƙa ke tayarwa kuwa ba ya cin kome. Kana iya kashe ta lokacin da ka ga dama, ka tashi ka ci tuwonka. Mutum ya kan saba da wannan hawaye mai araha har ya ɗauka shi mai taushin zuciya ne, alhali bai ɗauke wa kowa kaya ba.

A ce ga wani magidanci yana zaune a zaure, yana jin waƙar wata baƙuwa a wata ƙasa mai nisa, idonsa ya yi ja don tausayinta. A cikin gida kuwa matarsa ta kwana uku ba ta yi dariya ba, shi bai tambaye ta abin da ke damunta ba. Wane suna za mu ba hawayen wannan mutum?

Abin da za a faɗa a gefen waƙa

Amma ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Bari mu ji ɗaya gefen.

Na fari, baƙin ciki ya kan daure wa mutum harshe. Wanda abin ya same shi sau da yawa ba ya iya faɗin abin da ke cinsa, sai dai ya ce ba kome. Sa'ad da ya ji wani ya faɗe shi daidai, kalma bayan kalma, sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Daɗin da ya ke ji ke nan. Ba zafin mawaƙin ya ke jin daɗi ba, gaskiyar da aka faɗa ce ta yi masa daɗi. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a ƙera garmaho. Mace tana niƙa a kan dutse tana rera abin da ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji a fili, ta gama niƙa zuciyarta ta yi sanyi.

Na biyu, waƙar tana gaya wa mai baƙin ciki ba shi kaɗai ba ne. Ku dubi Joni Mitchell, mawaƙiyar Kanada. A shekara ta 1965, tana budurwa matalauciya, ba miji, ta haifi 'ya mace a birnin Toronto, ta rasa yadda za ta riƙe ta, ta ba da ita ga waɗansu su goya. A 1971 ta fitar da faifai mai suna Blue, mai waƙoƙi goma, ɗaya daga cikinsu, Little Green, a kan wannan 'ya ce. Fiye da shekara ashirin yawancin masu ji ba su san ma'anarta ba. Sai a 1997 uwa da 'ya suka sadu. Wa zai ce wannan waƙa hawaye mai araha ce? Ita mai waƙar ta biya tamaninta sarai. Macen da ta taɓa rabuwa da ɗanta, ko ta wurin mutuwa ko ta wurin saki, in ta ji irin wannan waƙa, ta sami 'yar'uwa.

Na uku, wanda bai taɓa ɗanɗana rashi ba yana iya koyon kamanninsa daga waƙa. Saurayin da ya saurari irin waɗannan waƙoƙi da hankali zai san alkawarin da aka karya yana da ciwo, watakila kuwa ya yi tunani sau biyu kafin ya yi wa 'yar mutane alkawarin da ba ya nufin cikawa.

Haɗari biyu

Duk da haka, zuma da zaƙi ta ke da harbi. Akwai haɗari biyu, ɗaya ga mai ji, ɗaya ga mai rerawa.

Ga mai ji, haɗarin shi ne ya mai da waƙa abin sosa miki. Miki yana bukatar a wanke shi, amma wanda ya ke ɓare shi kowace safiya ba zai ga warkewarsa ba. Akwai mai aure da 'ya'ya wanda har yanzu yana da wata waƙa da ya ke ji a ɓoye, domin tana tuna masa da wadda bai samu ba shekara goma sha biyar da suka wuce. Yana ciyar da begen abin da ya wuce da abincin da ya kamata ya ba gidansa. Wannan rashin aminci ne, ko da ya ke ƙafarsa ba ta taka ƙofar kowa ba.

Ga mai rerawa, haɗarin shi ne zalunci. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma labarin rabuwa na mutum biyu ne, ɗaya kaɗai ke riƙe da jita. Marvin Gaye, mawaƙin Amurka, da aurensa da Anna Gordy ya mutu, aka shirya zai biya ta daga kuɗin faifansa na gaba. Sai ya cika faifan, wanda ya fito a 1978 da suna Here, My Dear, da labarin auren nasu da ƙorafinsa a kanta. Matar ta ji zafi ƙwarai, har ta yi shawarar kai shi ƙara saboda tona asirinta. Masana kiɗa sun yabi faifan daga baya. Amma yabon bai ba ta bakin amsawa ba. Mu kuma da mu ke ji, sai mu tuna muna jin shaidar gefe ɗaya, kada mu kama ƙin mutumin da ba mu ji ta bakinsa ba.

Ma'auni

To, ina hukunci? A ganina waƙar baƙin ciki kamar magani ta ke, a kan san kirkinta ta wurin abin da ta bari a jikin wanda ya sha. Saboda haka ga tambayoyi uku da kowa zai yi wa kansa game da waƙar da ya fi so.

Sa'ad da ta ƙare, ina na ke duba, wajen kaina kaɗai, ko wajen mutanen da ke kewaye da ni? Tana taimakona in karɓi abin da ya faru, ko tana hana ni sakinsa? Zan iya jinta a gaban matata, ko mijina, ba tare da kunya ba?

In waƙa ta sa ka tashi ka shiga cikin gida ka tambayi iyalinka lafiya, ko ka tafi ka zauna da abokinka wanda matarsa ta rasu, ƙarar Agustin ba ta kama ka ba, gama hawayenka sun haifi aiki. In kuwa ta bar ka a kan tabarma kana jin tausayin kanka, kana ganin duniya duka ta cuce ka, to, lokaci ya yi da za ka huta da ita.

Ajiye waƙa ba cin amanar wanda aka rasa ba ne. Eric Clapton, makaɗin jita na Ingila, ɗansa mai shekara 4 ya faɗo daga tagar wani dogon bene a birnin New York a 1991, ya mutu. Uban ya tsara waƙa mai suna Tears in Heaven, ya yi ta rera ta shekara da shekaru. A 2004 ya daina rera ta har waɗansu shekaru, ya ce zafin rashin ba ya nan kamar dā, ba ya kuwa so ya komo da shi. Ya san waƙar ta yi aikinta.

'Yan'uwa, ku ji waƙoƙinku, kada ku ji kunyar hawaye. Amma in waƙar ta ƙare, ku share ido ku duba ko akwai mai kuka a gidanku wanda ba shi da mawaƙi.