Sharhin Baitoci Biyu A Kan Sanin Allah

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na ce a cikin waƙar:

Ka san Allah gabanin bauta, ɗan'uwa,
Wanda bai san Shi ba, wa yake kirawa?
Dalili kan kai ka bakin rijiya,
Sai ka sha ne ƙishi ke gushewa.

Ka sani, ya kai muridi, farkon wajibi a kan baligi mai hankali shi ne sanin Ubangijinsa. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya tattara siffofi 20 da suka wajaba ga Allah a cikin Ummul Barahin, kamar samuwa da dawwama da kaɗaitaka, tare da hujjojinsu na hankali. Tushen hujjar kuwa shi ne: duniya tana sassauyawa, duk mai sauyawa fararre ne, fararre kuma ba makawa yana da Mafari. Da wannan Annabi Ibrahim ya kafa wa mutanensa hujja yayin da tauraro da wata da rana suka faɗi, kamar yadda ya zo a Suratul An'am.

Amma yaƙini hawa uku ne. Dubi ayarin da ya tashi daga Agadas zuwa Bilma. Madugu ya ce akwai rijiya a gaba, aka gaskata shi: wannan ilmul yaƙini ne. Suka iso suka hangi ruwa: ainul yaƙini ke nan. Suka sha ƙishi ya tafi: wannan shi ne haƙƙul yaƙini. Wannan shan shi ne ma'arifar da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya kira mutane gare ta da tarbiyya tun bayyanar faila a 1929.

To, ina yi muku gargaɗi biyu. Kai mai haddar siffofi, kada ka kafirta tsohuwar da ta gaskata ba ta iya jero hujja ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi raddi mai tsanani ga masu yin haka. Kai kuma mai da'awar ma'arifa, kada ka ce ka isa har salla ta faɗi a kanka. Fiyayyen masana, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura. Alamar wanda ya sha ita ce ƙarin tsoron Allah, da tawali'u, da riƙon shari'a. Wanda ma'arifarsa ta raba shi da masallaci, kawalwalniya ya bi, kuma ƙishi zai kashe shi a sahara.

Allah Ya shayar da mu, Ya cika mu da imani. Amin.