Gyaran Baka Da Rabon Wahala

Kowa ya san baka da kwari a hannun maharbi, amma kaɗan ne su ka taɓa tsayawa su ga yadda a ke gyara baka tun yana sanda. A cikin wannan aiki akwai wata tambaya da ta shafi zaman gida da zaman jama'a. Tambayar ita ce: idan wahala ta taru a kan mutum ɗaya har ya kusa karyewa, wa ya kamata a gyara?

Bari mu fara duba aikin. Baka yana da hannu biyu, na sama da na ƙasa, da wurin riƙo a tsakiya. Sa'ad da aka ja tsarkiya, bayan baka yana miƙewa, cikinsa kuwa yana matsewa. Domin wannan mutanen Ingila na dā su ka fi son wani itace da su ke kira yu, gama farin naman da ke kusa da ɓawonsa yana jimre miƙewa, jan naman ciki kuma yana jimre matsi. Jirgin yaƙin Sarki Henri na 8, mai suna Mary Rose, ya nutse a shekara ta 1545, aka ɗago shi a 1982. A cikin kayansa an sami irin waɗannan bakuna fiye da ɗari, yawancinsu sun ɗara ƙafa shida. Aikin kuwa ya girme su nesa. A 1991 an tarar da gawar wani mutum cikin ƙanƙara a kan duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu wajen shekara 5,300 da su ka wuce. Kusa da shi akwai sandan baka na wannan itace, bai gama gyaransa ba.

Bayan an sassaƙe sanda, sai mai aiki ya ɗora shi a kan wani itace da aka yi wa yanka-yanka kamar haƙoran zarto. Ya ja tsarkiya kaɗan ya maƙala a yanka na fari, sa'an nan ya koma da baya ya duba. Abu biyu ya ke nema. Na ɗaya, wurin da ya tsaya ƙyam, ba ya tanƙwara. Na biyu, wurin da ya lanƙwashe fiye da kima kamar gwiwa. Waɗannan biyu tare su ke tafiya. Wurin da ya ƙi tanƙwara, rabonsa na wahala ba ya ɓacewa, yana komawa kan maƙwabcinsa ne. In aka ci gaba da ja, a gwiwan nan baka zai tsage.

To, ga abin lura. Mai gwaninta ba ya taɓa gwiwa ko kaɗan. Ya kan sa mata alama da gawayi domin kada wuƙa ta bi ta kanta, sa'an nan ya kankare wuraren da su ka yi tauri. Daga ciki ya ke kankara, gama in ya yanke jijiyar itace a baya, nan karaya za ta fara. Kuma da kaɗan kaɗan ya ke yi, domin in kaurin itace ya riɓa biyu, taurinsa yana riɓa takwas. Ashe ɗan abin da wuƙa ta ɗebe yana da babban aiki. Bayan kowace kankara ya kan ja tsarkiya sau ashirin ko talatin, itace ya saba, kāna ya sake dubawa.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Ga 'yan'uwa huɗu, ɗaya ne mai albashi, kuɗin makaranta da na asibiti da na biki duka a kansa. Ga tsohuwa kwance ba lafiya, 'ya ɗaya ce ta ke kwana wurinta, sauran sai gaisuwa ran kasuwa. Ga gandu, wani ya fita tun da asuba, wani sai hantsi. Sa'ad da mai ɗaukar kayan ya fara gajiya, ko ya fara fushi, me mu kan yi? Mu kan je wurinsa mu ce, Ka yi haƙuri. Wani lokaci har mu tsauta masa, mu ce halinsa ya sāke. Wannan kankarar gwiwa ke nan. Mun je wurinsa domin shi ne mai sauƙin magana, mun bar mai taurin kai domin muna jin tsoron bakinsa.

Wataƙila wani zai ce, Ai wannan ba adalci ba ne. Don me za a rage mai ƙarfi saboda marar ƙarfi? Tambayar tana da kyau, amma ta haɗa tauri da ƙarfi, su kuwa ba ɗaya ba ne. Ƙarfin baka yana cikin wurin da ya tanƙwara, gama nan ne ƙarfin hannun maharbi ya ke taruwa kafin ya tura kibiya. Wurin da ya ƙi tanƙwara nauyi kawai ya ke ƙarawa. Haka mutumin da ba a iya roƙonsa kome, ana ganinsa a miƙe, ba alamar gajiya a jikinsa, amma dalili shi ne wani yana ɗauke da kayansa. Abin da a ke so a rage masa shi ne ƙin aiki, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma akwai kashedi biyu. Na fari, daidaitawa ba ta nufin kowa ya ɗauki mudu ɗaya. Masu gyaran baka da yawa su kan bar hannun ƙasa ya ɗan fi na sama tauri, abin da bai wuce rubu'in inci ba in an auna daga tsarkiya. Bakan mutanen Japan ya kai ƙafa bakwai, ana riƙe shi can ƙasa da tsakiya, har hannun sama ya fi na ƙasa tsawo sosai, duk da haka yana harbi sak. Yaro da dattijo da mai jego ba za su ɗauki kaya iri ɗaya ba, amma kowa ya kamata ya tanƙwara gwargwadon kaurinsa. Na biyu, mai gaggawa ya kan kankare sama har ya wuce, ya koma ƙasa ya wuce, ya yi ta bi har baka ya zama abin wasan yara. Itacen da aka kankare ba ya komawa. Maigidan da ya ke faɗa kowace safiya, garin neman gira ya kan rasa ido.

A wuri ɗaya misalin bai kai ba, kuma wannan abin murna ne. Itace ba ya jin magana, ba ya kuwa ƙara kauri. Mutum yana iya ganin ɗan'uwansa ya sunkuya, ya miƙa hannu tun ba a zo masa da wuƙa ba, mai gajiya kuma in ya sami hutu ƙarfinsa yana komowa. Saboda haka, mai karatu, ka koma da baya kamar mai gyaran baka, ka dubi gidanku. Wanda kowa ya ke yaba haƙurinsa, mai yiwuwa shi ne gwiwa. In ka gane shi, sai ka duba wanda ke tsaye ƙyam kusa da shi, ka fara kuwa da kanka.