Tsirkiya Mai Santsi da Mai Kaushi: Tsokaci a Kan Kawaici

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan zamani a wani biki, a Kwandere ne ko a cikin garin Lafiya, zai lura da wata jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Ita ce jitar bes. Ba kasafai kunne kan kula da ita ba, amma da za ta yi shiru, nan take masu rawa za su ji ƙafarsu ta rasa abin takawa. A kan tsirkiyarta muke son yin tsokaci, domin akwai wata tambaya ta halayyar ɗan'adam a naɗe a jikinta.

Kowace tsirkiya waya ce ta ƙarfe wadda aka naɗe da wata wayar. Idan wayar naɗin faffaɗa ce, sai tsirkiyar ta fito sumul, mai santsi. Idan kuwa mulmulalliya ce, sai ta fito da gurabu, mai kaushi. Lokacin da kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitarsa ta bes a 1951, mai santsi ce a kanta. Sautinta mai kauri ne, ba ya daɗewa yana amo, kuma yatsa kan zame a kanta ba tare da an ji motsinsa ba. Mai kaushi ta sami karɓuwa ne daga 1966, bayan da kamfanin Rotosound na Ingila ya yi aiki da John Entwistle, makaɗin ƙungiyar The Who. Ita muryarta garau take, tana keta sauran kayan kiɗa, sai dai duk gogar da yatsa ya yi a kanta sai an ji, kuma a hankali takan cinye ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar.

To, wace ce mai gaskiya a cikinsu? Da sauri wani zai ce mai kaushi, tunda ba ta ɓoye komai, kuskuren makaɗi ma tona shi take yi. Mu dai ba mu gamsu ba. Ƙarar yatsa ba ita ce kiɗan ba, kamar yadda tarin mai jawabi ba ya cikin jawabinsa. Mai santsi ba ta canza sautin da aka nufa, kanta kawai take janyewa don waƙa ta fito. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira kawaici, wato mutum ya san abu, ya iya abu, amma ya kame don zaman tare ya yi daɗi. Mai kawaici ba maƙaryaci ba ne. Shi kuwa mai faɗar magana ƙeƙe-da-ƙeƙe, ko da gaskiya ya faɗa, yakan ci wuyan da yake zaune a kai, kamar dai tsirkiyar nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun yanke wa mai santsi hukuncin nasara. Amma rayuwar James Jamerson ta hana mu. Shi ne ya kaɗa bes a mafi yawan fitattun fayafayan kamfanin Motown na birnin Detroit a shekarun 1960. Tsirkiya mai santsi ta kamfanin La Bella yake ɗaurawa, kuma ba ya sauya ta sai in ta tsinke, domin a ganinsa gumi da dattin shekaru su ne ke ba ta daɗi. Duniya ta yi rawa da kiɗansa ba tare da ta san sunansa ba, saboda kamfanin ba ya buga sunayen makaɗa a jikin faifai, sai a 1971 da Marvin Gaye ya sa aka jera su a faifansa What's Going On. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ashe kawaici yana da farashi, kuma ba mai cin moriyarsa ke biya ba. Ba sai mun je Amurka ba ma. Kowa ya san Mamman Shata, amma mu nawa ne za mu iya lissafa masu kalangu da 'yan amshin da suka yi shekaru a bayansa? Ɗan Maraya Jos ya tsira daga wannan ne don shi ke kaɗa kuntiginsa, shi ke waƙarsa. A ofisoshi da makarantu ma haka abin yake: akwai masu riƙe da ginin, waɗanda ake yabo da cewa ba su da hayaniya, kuma wannan yabon shi ne kaɗai ladarsu. Idan babba ya yi wa ƙarami kawaici, dattako ne. Idan kuwa aka mayar da kawaicin ƙarami hujjar danne masa haƙƙi, laifin yana wuyan mai dannewar, ba za a ce tsirkiyar ce ta cika santsi ba. Abin takaici shi ne, galibi masu yi wa na ƙasa wa'azin kunya da kara su ne waɗanda kunyar ke yi wa rana.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan wuya. Bayan da Motown ta koma Los Angeles a 1972, kunnen masu shirya faifai ya karkata ga sauti mai garau. An nemi Jamerson ya ɗaura mai kaushi, ya ƙi, aiki kuwa ya yi ta ja baya, ga shi shaye-shaye ya riga ya taɓa lafiyarsa. Riƙon amana ne wannan, ko taurin kai? Mun fi karkata ga na farko, ko da yake mun san cewa mai iyali ba ya ciyar da su da riƙon amana. Dalilinmu shi ne, abin da aka nema a gare shi ba gyaran kuskure ba ne, sauya murya ne, kuma mutumin da aka riga aka hana shi suna, muryar ce kaɗai shaidar da ta rage masa. Yayi kuma ya sake juyawa daga baya, makaɗa da dama suka koma neman mai santsi don su sami irin sautin da aka guje shi saboda shi. Jamerson ya rasu a Los Angeles a 1983 yana da shekara 47. Sai a 2000 aka shigar da sunansa zauren girmama mawaƙa da ke Cleveland, a rukunin makaɗan da ke tsayawa a baya.