Wai Kunya Ce, Ko Dai Wani Abu Ne?

'Yar'uwa, akwai irin yarinyar da muke yabo a nan Katsina tun tana ƙarama. Ba ta kallon idon manya, ba ta shiga ayarin yara, inda aka ajiye ta nan za a dawo a iske ta. Sai ki ji ana cewa, "Kai, wance akwai kunya!" Ba wanda ya damu da cewa sai da ta kusa shekara huɗu ta fara haɗa magana, ko cewa ana kiran sunanta ba ta waiwayowa alhali kunnenta ras, ko kuma yadda ƙarar injin niƙa ke sa ta toshe kunne tana kururuwa. Takan wuni tana jera murafen kwalba, wanda ya taɓa ɗaya kuwa, ranar babu zaman lafiya. Da namiji ne da tuni an ce iska ce, an nemi mai ruƙiyya. Ita kuwa shirunta ya zo daidai da abin da ake so ga 'ya mace.

Sai an kai ta ɗakin miji labari ke canzawa. Abin da jiya ake kira kunya, yau ya koma miskilanci da girman kai. Ba ta gane habaici, ba ta iya hirar gidan suna, in uwar miji ta tambaye ta ra'ayi sai ta faɗi gaskiya tsirararta. Wata ma har takan kai ga karɓar takardar saki ba ta san laifinta ba.

Likitoci na kiran wannan otizim, a rediyo kuma kya ji an ce galahanga, ko da yake kalmar nan mun tara larurori daban-daban a cikinta. Ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba, yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne. Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana shi a 1943 daga yara 11, takwas maza, uku mata, kuma an daɗe ana ganin na matan yana wucewa ba a gane ba. Mawaƙiyar nan ta Birtaniya, Susan Boyle, sai a 2013, ta haura shekara 50, ta faɗa wa duniya cewa an gano tana da shi.

To, idan irin wannan baiwar Allah ta girma, ta waiwaya baya, ta gane dalilin bulalar da ta sha a islamiyya da gorin da ta sha a gida, wa za ta kama da laifi? Uwa? Turawa sun yi shekaru suna ɗora abin a kan iyaye mata, wai rashin nuna so ne ya jawo, har binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila a 1977 ya nuna gado ne ke da babban kaso. Uwar da ta yi reno da iyakar saninta, ni dai ban ga hujjar tuhumarta ba.

Amma akwai inda uwa ba ta da mafita. Ba gwajin jini ake yi a gano abin nan ba. Ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina kika je, ko a wata ƙasa, likita tarihin ƙuruciya zai nema: yaushe ta fara magana, tana nuna abu da yatsa, tana wasan 'yar tsana da sauran yara? Wa ke tuna shekarunsa biyu a duniya? Wannan labari yana hannun Inna, ko Goggo, ko yayar da ta goya ta. Sai ka ga an rufe ta da faɗa: "Ke lafiyarki lau, kada ki ja mana abin gori, ga ƙannenki ba su yi aure ba!"

Tsoron nan gaskiya ne, mun san bakin mutanen gari, mun san abin da 'yan binciken aure ke tonowa. Sai dai ƙuruciyar nan tata ce, ajiya kawai aka ba uwa, mai ajiya kuwa ba ya hana mai kaya kayansa. Da wannan labarin ne za ta iya zaunar da maigidanta ta ce masa ba raina danginsa take yi ba, hayaniyar biki ce ke gigita ta, in kuma yana son abu ya faɗa mata kai tsaye, kada ya bi ta zaurance.