La'ada a Aljihu, Asara a Wuyan Wani

Duk wanda ya taɓa sayen dabba a kara ya san abin da ke sa mutum ya miƙa kuɗinsa hankali kwance. Sau da yawa bai san mai saniyar ba, baƙo ne daga nesa. Dillali ya sani. In aka je gida aka tarar saniyar ta sata ce, ko akwai cutar da aka ɓoye, wurin dillali za a komo ran kasuwa mai zuwa, kuma yana nan a rumfarsa. La'adar da ya karɓa har da ta tsayawar da zai yi in magana ta taso. Shi ya sa yake duba haƙori, yake bin asalin dabba kafin ya sa baki a ciniki.

Da wannan ma'auni nake auna rikicin bashin gidaje da ya girgiza Amurka a 2007 da 2008, wanda har yau ake musu kan wanda ya jawo shi.

A da, bankin da ya ba mutum bashin sayen gida shi ke zaman jiran biya shekara talatin, don haka sai ya tantance albashi da halin mai karɓa. Daga baya tsarin ya sauya. Dillalin bashi ya kawo mutum, ya karɓi la'adarsa nan take. Kamfanin da ya ba da bashin, irin su Countrywide da New Century, ya sayar da shi ga manyan bankunan New York cikin 'yan makonni. Su kuma suka tara dubban basussuka suka ɗaure su dami guda, suka yanka shi takardu-takardu suka sayar wa asusun fansho da bankunan Turai da Asiya. Kowa a layin nan ya ci rabonsa tun ranar farko, kuma babu wanda za a komo wa in mai gida ya kasa biya.

To me zai sa su tantance? Aka riƙa ba da bashi ba tare da ganin takardar albashi ba. Aka fito da wani mai kuɗin ruwa kaɗan a shekara biyun farko, daga nan ya yi tsalle. Ana gaya wa mutane kada su damu, kafin lokacin farashin gidan ya tashi, sai a sake sabon bashi. A 2006 farashin ya tsaya, sannan ya gangaro, har ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa a faɗin ƙasar. Miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan.

Akwai masu cewa laifin na waɗanda suka ci bashin da ya fi ƙarfinsu ne. Ba na wanke su duka. Wasu sun yi ƙarya a takarda, wasu sun sayi gida uku don su sayar su ci riba. Amma ba a haɗa direban mota da ya sa hannu a takardu masu ɗimbin shafuka sau ɗaya a rayuwarsa da wanda sana'arsa ce rubuta takardun. Hakki yana bin sani. Kuma an samu shaidar cewa an riƙa tura baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka zuwa bashi mai tsada alhali sun cancanci mai sauƙi: a 2011 an biya dala miliyan 335 kan zargin da aka yi wa Countrywide, a 2012 bankin Wells Fargo ya biya miliyan 175.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne kamfanonin da aikinsu shi ne faɗa wa mai saye gaskiyar ingancin takarda, wato Moody's da Standard & Poor's da Fitch. Sun buga wa tarin takardun nan tambarin AAA, matsayi mafi aminci, alhali bankin da ya kawo takardar shi ke biyansu kuɗin aikin. Wanda ya ƙi buga tambari, a kai cinikin wurin maƙwabcinsa.

Hukuma ma tana da nata laifin tun kafin a zo ga ceton bankuna. Babban bankin ƙasar a ƙarƙashin Alan Greenspan ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1 a 2003, kuɗi ya yi arha, kuma yana da ikon taka wa masu ba da bashin ganganci birki amma ya yi jinkiri. A Oktoban 2008 Greenspan da kansa ya amsa a gaban majalisa cewa ya yi kuskure da ya ɗauka son kai na bankuna zai sa su kare kansu. Kwamitin binciken da majalisa ta kafa ya fitar da rahoto a Janairun 2011, mafi rinjayen membobinsa suka ce abin da ana iya kauce masa ne.

Sai watan Satumban 2008. Gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin bashin gidaje Fannie Mae da Freddie Mac. Ranar 15 ga wata bankin Lehman Brothers ya durƙushe, washegari aka ba kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85. Sakataren baitulmali Henry Paulson, wanda tsohon shugaban bankin Goldman Sachs ne, ya nemi majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna. Majalisar wakilai ta ƙi a karon farko, kasuwar hannun jari ta yi mummunar faɗuwa a ranar, sai ga shi ranar 3 ga Oktoba shugaban ƙasa George W. Bush ya sa wa dokar hannu.

Ni dai ina ganin ceton ya zama dole. Da bankunan sun zube gaba ɗaya, albashi da ajiyar talaka ne za su fara tafiya, kuma gaskiya ne bankuna sun mayar da kuɗin da aka zuba musu har da riba. Inda nake da ja shi ne sharaɗi. An ceci kamfani, an bar yawancin shugabanninsa a kujerunsu. A Maris 2009 AIG, wanda ke numfashi da kuɗin haraji, ya raba wa ma'aikatan sashen da ya jefa shi cikin rami tukuicin dala miliyan 165. Angelo Mozilo, tsohon shugaban Countrywide, ya sasanta da hukuma kan dala miliyan 67.5 a 2010, bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta zo da sharaɗin cewa mai ɗaure basussuka ya sayar dole ya riƙe kashi 5 na haɗarin a hannunsa, mai ba da bashi kuma ya tabbatar mai karɓa zai iya biya. Sai da gari ya ƙone aka rubuta abin da hankali ya sani tun farko.

Masu gidaje fa? Rashin aiki ya kai kashi 10 a Oktoban 2009. Shirin da gwamnatin Obama ta kawo a shekarar don sassauta wa mutum miliyan uku zuwa huɗu biya bai kai ga adadin ba. A 2010 kuma aka gano ma'aikatan wasu bankuna suna sa hannu a dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. Manyan bankuna biyar suka sasanta kan dala biliyan 25 a 2012, amma waɗanda aka riga aka fitar daga gidajensu, abin da ya iso hannun kowannensu bai kai dala 2,000 ba.