Fatar wake da zuciyar baƙo

Shekara 11 ke nan ina sayar da wake a Babbar Kasuwar Anacha, dab da kogin Kwara. Ran nan ɗana ya dawo daga makaranta, ya fere dankali biyu ya rarake su, ya zuba gishiri a ramin ɗaya, ya jera su cikin faranti mai ruwa. Kafin la'asar ramin gishirin ya tara ruwa, ɗayan kuwa wayam.

Ya ce, "Baba, osmosis ke nan. Ruwa na ratsa fata zuwa inda gishiri ya fi yawa." Ruwa mai shiga shi ke kumbura waken alala in an jiƙa, mai fita shi ke yanƙwana albasar da aka barbaɗa wa gishiri.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Ruwa ba shi da niyya, Allah bai ɗora masa hisabi ba. Ni fa? Yaren Ibo ya shige ni ban shirya ba. Maƙwabcina Kirista yana tsare mini rumfa ranar Juma'a, har ya iya cewa "sai haƙuri". Abin da ya ratsa zuciyata haka, ban zaɓa ba, za a tambaye ni a kansa?

Da asuba na tarar bakin ramin ya yi laushi tuɓus. Ina juya dankalin a hannu ladan ya kira salla.