Bashin da Ke Kan Mai Ƙirga Haihuwa

A Hajj Abdalla da ƙauyukan Hausawan da ke bakin Shuɗin Nilu, kamar a Kano ko Sakkwato, mai cikin fari takan ɓoye cikinta saboda kunya. Sai ga baƙo da takarda da biro yana tambaya: wata nawa, ɓari nawa, yara nawa suka koma? Da wane haƙƙi yake ɗaga wannan labule, kuma me ke kansa idan an amsa masa?

Hujjarsa ba ƙarama ba ce. Abin da ba a ƙirga ba, hukuma ba ta ganinsa. Tsakanin 1976 da 1979 Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, suka nuna cewa matan da ba su je awo ba su ne suka fi mutuwa. A 1994 Thaddeus da Maine suka fayyace jinkiri uku masu kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin kulawa a asibiti. Da irin wannan ilimi Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ta fara shirinta na kare uwa da jariri a 2005. Ke nan yin shiru ma yana da nasa gawarwakin.

Amma amfanin jama'a ba ya goge haƙƙin mutum ɗaya. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ɗora bincike kan yardar wanda ake bincika. To, wace yarda ce ta matar da aka karanta wa takarda da Larabcin boko, mijinta na tsaye, uwar miji na kasa kunne? Dangwala yatsa ta yi, amma ba lallai ta gane ba. Wani lokaci ma ta amsa ne don tana zaton magani zai biyo baya. Wanda ya bar ta a kan wannan zato ya ci da jahilcinta, ko da bai furta ƙarya ba.

Wasu za su ce mai bincike ba likitan kowa ba ne, ribar aikinsa ta jikokinta ce. Akwai gaskiya a nan, sai dai ba a biyan bashin Hajara a hannun Hauwa. Abin da mace ta faɗa game da mahaifarta amana ce, amana kuwa tana da mai ita. Mafi ƙarancin biya abu uku ne: a tambaye ta da harshenta ita kaɗai, a kai ta asibiti idan an ga alamar hatsari, sannan a dawo a faɗa wa gari abin da aka gano, tare da ungozoma da limami.

Sudan ta san wannan hanya. Makarantar ungozomomi ta Omdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, ta koyar da matan da ba su iya karatu ba su gane magani ta wari da ɗanɗano. Ilimin ne ya sauko inda suke.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, asibitoci suka tsaya, mata suka haihu a hanyar gudun hijira. Masu takarda da biro za su zo ƙirga wannan asara, kuma ya kamata su zo. Sai dai kowannensu ya sani tun daga ƙofar gida cewa zai fita da bashi a wuyansa.